Sayen Gida Ko Fili Ana Cikin Shari'ar Rabo

A sana'armu ta dillancin gidaje da filaye, cinikin da ya fi jefa mai saye cikin wahala shi ne wanda aka ƙulla alhali masu dukiyar suna gaban alƙali kan rabo. Farashi yakan sauko, shi ya sa ake rububinsa.

A irin wannan ciniki, duk hukuncin da kotu ta yanke zai hau kan mai saye, ko sunansa yana cikin ƙarar ko babu. Lauyoyi suna kiran ƙa'idar lis pendens. Kotun Ingila ta fayyace ta a shari'ar Bellamy da Sabine a 1857, Indiya kuma ta sa ta a sashe na 52 na dokar miƙa dukiya ta 1882. Dalilin a fili yake: in kowa zai sayar ana tsakiyar shari'a, kotu ba za ta taɓa gamawa ba.

Inda ake yawan faɗawa shi ne nan. A ce magada 4 ne, ɗaya ya nuna maka ɓangaren da ke bakin titi ya ce nasa ne. Ba nasa ba ne tukuna. Abin da ka saya kaso ne cikin dukiyar da ba a raba ba. In rabo ya kai shi can baya, can za ka bi shi. In aka gano kasonsa ɗaya cikin 6 ne ba ɗaya cikin 4 ba, iyakar naka ke nan, sauran kuɗinka sai ka nema a wurinsa.

Duk da haka kana da hakki. Kana iya roƙon kotu ta sa ka cikin shari'ar, don kada mai sayarwa ya yi sakaci tunda ya riga ya karɓi kuɗi. Kana iya roƙon a sa wurin da ka saya cikin rabonsa, in hakan bai cuci sauran ba. Amincewa dai ta rage ga alƙali. Inda ake aiki da shuf'a kuwa, wato hakkin fifiko da shari'ar Musulunci ta ba abokan tarayya a kan baƙon mai saye, abokan tarayya suna iya biyan ka kuɗinka su karɓe kason.

Shawararmu ga wanda ya nace: ya karɓo kwafin ƙarar daga rajistar kotu, ya duba ko an hana sayarwa, in an hana, ya janye. A rubuta lambar shari'ar da sharaɗin mayar da kuɗi a takardar ciniki, a bar kaso mai tsoka na kuɗin a hannun lauya har hukunci. Kada ya ɗora ko bulo ɗaya kafin a shata iyaka.