Takarda, dala da kuɗin ruwa: yadda aikin ɗab'i ya koma a Kano

Ƙaramar maɗaba'a gare ni a Fagge. Muna buga littattafan rubutu na makarantu masu zaman kansu, da rasit, da katin biki, sai kalanda idan shekara ta zo ƙarshe. Kusan duk abin da muke aiki da shi daga waje yake zuwa, tun daga takarda da tawada har kayan gyaran inji. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa, shi ya sa mai ɗab'i ba ya yanke farashi sai ya ji yadda dala ta kwana a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira, ya bar kasuwa ta yanke mata daraja. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Tsohon tsarin ma ba alheri ya yi mana ba: mai uwa a gindin murhu ya karɓi dala da araha a banki, ya kai kasuwar bayan fage ya ci ƙazamar riba, irinmu kuwa ko ƙanshinta ba ma ji. Rufe wannan ƙofa daidai ne. Abin da ke damuna shi ne an buɗe kasuwar alhali ba mu da abin da muke yi a gida da zai maye na waje, kamar dai yadda aka yi a 1986 lokacin SAP, shirin gyaran tattalin arziki da ya karya darajar naira.

Shugaban makaranta zai zo a Yuli neman littattafan zangon Satumba. Ka faɗi kuɗi, ya ce, "Haba Alhaji, ai ba haka muka yi bara ba." Ka ce, "Malam, wannan ma na yau ne, gobe sai na sake tambayar dila." A 2024 kana iya gama aiki, a biya ka cif, lissafi ya nuna riba, amma ka koma sayen takarda kuɗin su kasa sayo yawan rim, wato ƙunshin takarda, da ka ƙarar. Haka jari yake zaizayewa. Dole muka koma karɓar kuɗin takarda tun kafin a kunna inji, ko mai aiki ya kawo takardarsa mu caji kuɗin bugu kawai.

Don shawo kan hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5. Manufar ita ce a rage kuɗin da ke yawo a hannun jama'a, naira ta samu ta tsaya. Ta ɗan tsaya kuwa, kuma na ga amfanin hakan, don yanzu farashi yana iya yin mako bai motsa ba. Sai dai tsadar da muke gani daga dala da man dizal da kuɗin wuta ta taso, ba daga yawan kuɗi a aljihun masu kawo mana aiki ba.

Da yawanmu a Kano ba ma cin bashin ruwa saboda addini, amma ruwan yana iske mu har shago. Babban dilan da ke shigo da kwantena ta Legas da kuɗin banki yake yi, shi kuma a kan kowane rim zai ɗora. Dilan da a da yake ba mu takarda bashi zuwa wata guda, yanzu sai ya ga kuɗi a asusunsa kafin yaransa su ɗora kaya a a-daidaita-sahu.