Laraba: Sumuni Ɗaya Tsakanin Azahar da La'asar

Yau ba ta zo mini da sauƙi ba. Ƙaramar 'yata ta kwana da zazzaɓi, saboda haka da aka idar da sallar Asuba ban zauna a masallaci ba kamar yadda na saba, sai na wuce gida muka kai ta asibiti ni da mahaifiyarta. An auna jininta, an ce zazzaɓin cizon sauro ne, an ba ta magani, kuma alhamdu lillahi kafin hantsi jikin ya fara sauƙi. Da na isa shago na tarar an ɗauke wuta, ga kuma ɗinkin biki da na yi alkawarin bayarwa ranar Asabar, dole na koma kan keken ƙafa.

Lokacin da na ware wa tilawa, wato bayan Asuba, ya riga ya wuce. Abin da na ɗora wa kaina shi ne bitar sumuni ɗaya kowace rana daga haddar da na yi tun ina makarantar allo, wadda hidimar iyali da ta sana'a suka fara cinye mini ita. Lissafin ba shi da wuya: Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu yana da sumuni 8, jimla 480 ke nan, don haka mai karanta ɗaya a rana zai sauke cikin kusan shekara ɗaya da wata huɗu. A bugun Madina mai shafi 604, sumuni bai fi shafi ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Ƙanena yana yi mini dariya a kan wannan, yana cewa shi izu guda yake karantawa a zama ɗaya, kuma gaskiyarsa ne, sai dai karatun nasa da azumi yake zuwa, da Ƙaramar Salla kuma yake tafiya.

Bayan Azahar na ɗauki Alƙur'anina na je rumfar dattijon da ke ɗinkin hula kusa da mu, wanda alaramma ne da ya yi shekaru a tsangayun gabas. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, yau safiya ta kuɓuce mini, ko za a saurare ni?" Bai ajiye allurarsa ba, ya dai gyaɗa kai ya ce, "Bismillah, ɗana." Ina cikin izun Tabaraka, ina karantawa da ka, shi kuwa idonsa yana kan zaren da yake ja. Duk inda na yi tuntuɓe sai ya buga yatsa a kan gwiwarsa sau ɗaya, ya jira, ba ya buɗe mini ayar sai ya ga na kasa kamo ta da kaina. Da ƙira'ar Warshu ya tashi, irin wadda aka fi sani a makarantun allonmu, amma yana bin mai karatun Hafsu ba tare da ya rikita shi ba.

Da na gama sai na ji ƙarfi a jikina, na ce bari in ƙara na biyu tunda baki ya sake. Ya hana ni. Ya ce wanda ya yi biyu yau, gobe zuciyarsa za ta gaya masa cewa yana bin karatu bashi, jibi kuma ta ce ya huta, daga nan sai zaren ya tsinke. Ya ƙara da cewa yau da gobe ce ke sa allura ginin rijiya. A ganina nan ne hikimar tsarin tsangaya take, domin ba a wanke wa almajiri allo a rubuta masa sabo sai ya riƙe na jiya, komai hazaƙarsa, kuma an ɗaure karatun da lokuta sanannu, safe da yamma da dare, har da hutun Alhamis da Juma'a. Ni ma abin da ya cece ni yau shi ne ƙanƙantar aikin. Da izu guda na ɗaukar wa kaina, da babu inda zan samo masa wuri tsakanin asibiti da keken ɗinki.

Wuta ba ta dawo ba sai bayan La'asar, na yi sauri na gama aikin wuyan riguna biyu. Kafin in rufe shago na rubuta cinikin yau da kuɗin zare da na magani a littafina, wanda shi ne ƙaramin aiki na biyu da ba na yarda in kwanta ban yi ba. Yarinya ta ci tuwo kaɗan ta yi barci. Malam ya ce gobe in zo masa da na yau tukuna, idan ya zauna daram, sannan mu shiga na gaba.