Motar katako: a wurin taya aikin yake

Yanka gangar motar wasa da injin zarto mai siririn ruwa, wanda ake kira sukurol, ba shi ne mai wuya ba. Wanda ya yi kwana biyu yana gwaji zai iya bin layi. Abin da ke raba motar da yaro zai yi shekara yana turawa da wadda zai yar a rana ɗaya shi ne ko tayoyin huɗu suna taɓa ƙasa, kuma suna juyawa ba tare da cijewa ba.

A fara da katako. Ka nemi busasshe, mai tauri, wanda jijiyarsa ta matsu, mai kaurin milimita 19. Idan ka manna biyu da farin gam na kafintoci, ka matse su suka kwana, za ka sami kaurin 38, wanda ya cika hannun yaro kuma ba ya kifewa. Tsawon 150 da tsayin 60 sun isa ƙaramar mota. Kada ka kusanci katakon da aka jiƙa da maganin gara, ko tsohon katako mai fenti, domin tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, kuma duk abin da ka ba ƙaramin yaro bakinsa zai kai.

Ka shimfiɗa salatif na takarda a kan katakon, sannan ka manna zanen motar a kansa. Ta haka zanen zai ɓare cikin sauƙi, ba ya barin danƙo.

Kafin zarto ya taɓa katakon, ka huda ramukan sandar taya. Wannan shi ne matakin da sababbin hannu suka fi tsallakewa. Yayin da katakon yake da kusurwoyi huɗu daidai, yana kwanciya lif a kan teburin injin huda, ramin kuma ya sauka a miƙe. Da zarar ka yanke shi ya zama mai lanƙwasa, riƙe shi daidai ya zama aiki. Ramin da ya karkace ko da kaɗan ne zai ɗaga taya ɗaya sama, motar ta riƙa ɗingishi ko ta riƙa karkata gefe. Ka auna milimita 10 daga ƙasan gangar, ka yi alama da tsinin ƙusa don kada bakin injin ya zame, ka sa wani guntun katako a ƙarƙashi don kada bayan ramin ya tsage. Idan sandar mai kaurin 6 ce, ramin gangar ya zama 7. Milimita ɗayan nan ita ce rayuwar motar, saboda katako yana kumbura idan iska ta yi laima, ramin da ya yi daidai cif yau zai riƙe sandar gam bayan wata biyu.

Ruwan zarto mai lamba 5 ya dace da kaurin 19, na 38 kuma yana son lamba 7 ko 9. Haƙoran su kalli ƙasa. Ka ɗaure ruwan har sai ka ɗan taɓa shi da yatsa ya yi ƙara siririya kamar tsirkiya, in ka tura shi gefe kada ya wuce milimita 3. Ruwan da bai ɗauru sosai ba yana lanƙwashewa a cikin katako mai kauri, sai ka ga saman yankan ya bi layi, ƙasan kuma ya kauce. Haka ma idan kana danna katakon ta gefe. Ka tura a hankali, ka bar haƙoran su ci da kansu. Idan ka ga baƙin tabo ko ka ji ƙauri, ko dai ruwan ya dakushe ko gudun injin ya yi yawa. Ka canza ruwa, ba ya da amfani a yi ta fama da dakusasshe. Yawancin ruwan nan suna ɗan ja zuwa gefe guda saboda yadda aka ƙera haƙoransu, don haka kada ka yi mamaki idan sai ka ɗan karkata katakon kafin ka sami miƙaƙƙen layi.

Taga kuwa, ka huda ƙaramin rami a tsakiyarta, ka kwance ruwan daga sama, ka zura shi ta ramin, ka sake ɗaurewa, ka yanke. Ka bar aƙalla milimita 8 na katako a kewayenta, in ba haka ba rufin zai karye ranar da aka taka motar.

Ba na ba da shawarar yanka taya da sukurol. Da wuya hannu ya fitar da da'ira huɗu iri ɗaya. Zarton huda mai kamar kofi, mai faɗin 44, yana fitar da taya mai kusan 40, ga rami a tsakiya daidai. Ka huda rabi daga fuska ɗaya, ka juya katakon ka ƙarasa, gefen zai fita sumul. Ka zura tayar a kan noti, ka ɗaure a injin huda, ka goge ta da samfefa tana juyawa. Girman nan yana da dalili: ma'aunin da ake gwada kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara 3 bututu ne mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya yana iya shaƙe yaro. Shi ya sa ƙananan fitilu da sitiyari na mannawa ba su da wuri a motar jariri. A zana su kawai.

Ka goge komai da samfefa mai lamba 120, sannan 180, sannan 220, ka kashe kaifin kowace kusurwa, kana sanye da takunkumi da tabarau. Shafi ya zo kafin haɗawa: kakin zuma kashi 1 a narke cikin kashi 4 na farin man farafin na magani, wanda ba kananzir ba ne. Kada man ya shiga ramin taya, gam ba ya kama wurin da ya sha mai.

Tsawon sandar taya ya kai kaurin gangar da na tayoyi biyu, da ɗan rata a kowane gefe. Ka ɗiga gam a cikin ramin tayar, ba a jikin sandar ba, don kada ya kwarara ya manne da gangar. Ka saka ɗan kwali tsakanin taya da ganga yayin turawa, ka zare shi bayan gam ya kama. Washegari ka murɗa kowace taya da ƙarfinka, ka ja ta, sannan ka gangara motar a kan tebur mai santsi ka ga ko ta tafi a miƙe.