Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Larabar Sankarar Bakin Mahaifa

Goggo Allah ya jiƙanta ba ta rabo da cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Shekarun da na yi a ɗakin gwaji ina binciken sankarar bakin mahaifa duk a kan maganar nan suka ƙare, shi ya sa na tsallake zancen auren Yaya da na yi alkawari makon jiya.

Sankarar bakin mahaifa, wadda ƙwayar cutar HPV nau'i na 16 da na 18 ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 nata, takan fara zarcewa ne zuwa kaluluwar ƙugu. Tun 2018 tsarin FIGO, wanda likitocin mata na duniya ke bi wajen raba matakan cutar, ya sa wannan a mataki na IIIC1. Idan aka cire mahaifa sannan aka tarar kaluluwa ta kamu, sai an ƙara wa mace gashin ƙari da haske (radiyoterafi) da maganin sankara na cisplatin duk mako: wahala biyu, wani lokaci har da kumburin ƙafa. Da an sani tun farko, gashin za a yi kai tsaye.

Larabar da za ta nuna zarcewar tun da wuri ita ce RNA na cikin ƙarin, saƙon da ƙwayoyin gado ke fitarwa idan suna aiki. Ana duba ko saƙon sinadarin VEGF-C ya yi yawa, shi ke tsirar da hanyoyin da ke kai wa kaluluwa. Ko MMP-9 mai cin ganuwar tsoka ya hau. Ko E-cadherin da ke manne ƙwayoyin jiki da juna ya ragu.

Amma RNA ba ya jira. Gutsuren tsoka kada kaurinsa ya wuce rabin santimita. A jefa shi cikin ruwan naitirojin nan take, ko cikin RNAlater, ruwan adana RNA, ninki biyar na girmansa, ya kwana a ma'aunin sanyi 4, sannan firiza mai -80. Fomalin kuwa, ruwan da aka saba adana tsoka a ciki, daddatsa RNA yake yi. Har yau ban huce da likitan nan da ya tsoma mana samfura a fomalin wai ai duk ajiya ce ba. Wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, firiza ta narke, shi ma asara ce. Makin RIN, ma'aunin ingancin RNA, daga 1 zuwa 10 yake. Ƙasa da 7 ni ba na yarda da shi.

A fara leƙa yankan a madubin likita. Bakin mahaifa yakan zo da ruɓaɓɓen nama da jini, in ƙwayoyin sankara ba su kai kashi 60 ba, amon wasu kake aunawa. Kuma kada a dogara da GAPDH kaɗai, ƙwayar gadon da aka saba kwatanta sauran da ita, wajen daidaita qPCR, gwajin auna yawan RNA, domin ƙarancin iskar oksijin a cikin ƙari na ɗaga shi.

Goggo ba ta san wata Larabar na yin ƙarya ba. Ƙwayoyin gado kusan 20,000, matan da aka gwada kuma 'yan gommai: dole kwamfuta ta samo tsarin da ya dace da su, a kai shi wani asibiti ya wargaje. Don haka har yanzu hoton MRI da PET, da yanka kaluluwar a duba, su ke yanke hukunci.

Auren Yaya sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.