Rufin da na gyara da kuɗina

Shekara huɗu ke nan muna haya a gidajen da gwamnati ta gina wa ƙananan ma'aikata a nan Yamai. Daminar 2024, wadda ta yi ɓarna ko'ina cikin Nijar, mu ma ba ta ƙyale mu ba. Wani dare cikin Agusta ruwa ya fara ɗiga daidai kan katifar yara. Muka jera bokiti biyu da tasa, uwargida tana zubarwa har kiran assalatu. Da gari ya waye na hau sama, na tarar da kwano uku sun yi tsatsa sun huje, katakon ƙarƙashinsu kuma gara ta cinye shi.

Ban shawarci kowa ba. Na nufi kasuwar Katako na sayo kwano da katako da ƙusa, na kira kafinta. Jaka saba'in da biyar suka tafi. A raina, ai sai in cire daga kuɗin haya.

Ƙarshen wata na je ofishin masu gidajen, na yi bayani. Wani dattijo ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, gyaran rufi namu ne, babu musu. Amma ina takardar da ka rubuto mana kafin ka taɓa shi?" Babu. Ko rasit ban karɓa ba a Katako. Haka na biya haya cif, zuciyata na tafasa, don kuɗin makarantar yara ne na taɓa.

Shi ne ya zauna ya rarrabe mini. Rufi, tsagewar bango, bututun ruwa da ke cikin gini, ramin masai idan ya rufta, duk na mai gida ne, sai fa in ɗan haya ne ya ɓata da hannunsa. Kan famfo mai yoyo, ƙwan fitila, makulli, yashe magudanar tsakar gida, waɗannan nawa ne. Duk yana cikin yarjejeniyar da na sa wa hannu ban karanta ba.

Har yau ina ganin wanda ruwa ke zuba a kan 'ya'yansa bai kamata a ce ya jira takarda ba. Amma da bangon kicin ya tsage bana, hoto na fara ɗauka da waya, na rubuta wasiƙa kwafi biyu, aka buga hatimi a nawa. Bayan sati uku suka turo magini da buhun siminti biyu.