Kafin ki fasa tsohon kicin ɗinki

Ƙannena da kuka tare a sabon gida, da ku da kuka samu tsohon gini a Badariya ko Gesse kuna son mayar da kicin ɗin na zamani, don Allah ku ɗan dakata kafin ku kira kafinta. Ni na yi nawa gyaran a nan Birnin Kebbi, kuɗin adashi na zuba da na wasu 'yan awaki da na sayar, kuma rabin aikin sai da aka sake shi. Ba na so ku bi ta inda na bi.

Tushen matsalar a waya na zaɓi kicin ɗina. Hotuna na tara na Instagram, farin kabad tun daga ƙasa har silin, tayil mai sheƙi, komai a rufe ba ka ganin ko ludayi. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne masu irin wannan kicin ba sa daka, ba sa tuƙa tuwon mutum goma sha. Tsohon birkilan da ya fara aikin sai da ya ce min, "Hajiya, wanga wuri ina za a aje turmi?" na ce Baba kai dai yi yadda ke cikin hoton. Aka ɗaga kantar girki ƙafa uku daga ƙasa yadda ake yi ko'ina, na ɗora kan gas a sama, na ɗora tukunyar tuwon shinkafa a kansa, sai ga bakin tukunya ya kusa kai min ƙirji, muciya kuwa sai na ɗaga kafaɗa nake juya ta, tuƙi ɗaya hannu ya sage. Tsayin ƙafa uku daidai ne wajen yanka albasa da wanke-wanke, amma babbar tukunya ƙasa take so. Ku sa a zuba muku ɗan dakali na kankare a gefe, tsayin gwiwa ko ƙasa da haka, inda za a zauna kan kujera a tuƙa a natse. Turmi kuma ranar da yarinyata ta daka sakwara a cikin kicin, tayil biyu suka tsage nan take. A bar masa kusurwa ta daɓen siminti zalla, ko a waje ƙarƙashin rumfa.

Wanda ya fi ci min rai shi ne murhun tsakar gida da na sa aka rushe wai ya ɓata tsari. Surukata ta hana, ta ce ɗiyata bar shi ko don ranar taro, ban ji ba. Sai ga suna, ga naman layya da za a soya, ga kuɗin cika silinda mai kilo 12.5 kullum gaba yake yi, wa zai dafa ganda ko wake na awa da awanni a kan gas? Dole aka sake gina shi, da bulo da yashi na sabon farashi. In kuna da fili ku bar kicin biyu, na ciki don girkin yau da kullum, na waje don itace da gawayi da suyar kifi, ai duk wadda ta taɓa soya kifin Yawuri a rufaffen ɗaki ta san kwana nawa ƙarni ke yi a labule.

Batun katako. Kafinta ya kawo min farashi biyu na ɗauki mai sauƙin, ashe MDF ne, garin katako ne da gam aka matse, ba ya shiri da ruwa sam. Mahaɗar bututun ƙarƙashin sinki tana ɗiga kaɗan-kaɗan ban sani ba tunda ƙofa a rufe take, kafin damina ta fita allon ya kumbura ya zama kamar burodin da aka tsoma a shayi, kusoshin ƙofa suka saki, kyankyasai suka samu gida, gara kuma ta biyo ta bayan bango inda danshi yake. Da na buɗe wata safiya na taɓa shi da yatsa, fatattakewa ya yi. Yanzu abin da nake da shi bulo ne aka tayar aka zuba kankare a sama, aka bi ciki da tayil, ƙofofin kawai ne na alminiyam. Ba ya ɗaukar ido kamar na hoto amma ina kwara ruwa in wanke hankali kwance. In kun nace sai katako, to na ƙarƙashin sinki ya zama marin bod, wato katakon da ke jure ruwa, kuma a ɗaga gindin kabad ɗin kamar inci huɗu daga ƙasa. Saman kanta ku nemi giranayit mai duhu, farin mabul yana shan manja, lemun tsami kuma yana cinye sheƙinsa.

Sannan na fara aikin ta wutsiya. Kafinta na fara kira, aka manna tayil, sai daga baya mai aikin famfo ya zo ya ce ina zai bi da bututu? Aka fasa. Mai aikin wutar lantarki ya zo shi ma ya fasa nasa. Abin da zai shige cikin bango shi ake fara yi, ruwa da wuta da hanyar gas, a saki ruwa a bututun a bar shi ya kwana a ga ko yana yoyo, sannan a yi filasta. Bututun fitar ruwan wanke-wanke kar ku yarda a sa siriri, a sa na inci biyu kuma a ba shi gangara sosai, don maiƙon miya da man shanu da guntun shinkafa daskarewa suke yi a ciki musamman lokacin hunturu. A yi ɗan rami mai murfi a waje kafin ruwan ya kai sokawe, inda za a riƙa buɗewa ana kwashe maiƙon. Sinki ku je kasuwa da awon babbar tukunyarku. Kuma tunda ba kullum famfo ke kawo ruwa ba, a bar gurbin baro ko jarkoki kusa da shi, ni ban bari ba, har yau a bakin ƙofa suke ana tuntuɓe da su. Soket ma ku ƙirga, firji, firiza, bilenda, butar lantarki, kowanne da nasa, da wayar wuta mai kaurin da ake kira 2.5 ta jan ƙarfe ta gaske.

Wanda nake roƙonku da babbar murya shi ne iska da gas. Na toshe taga guda don kabad ya samu bango, na sayi injin zuƙar hayaƙi a madadinta, injin da in an ɗauke wuta ya zama ado. A watan Afrilu garin nan zafi na wuce digiri 40, ku haɗa da wutar girki a ɗaki mai taga ɗaya, balle in da azumi a baki. Tagogi biyu masu kallon juna da raga ta sauro sun fi kowane inji. Silinda kuma na ɓoye ta cikin kabad don kar ta ɓata kyan wuri, sai da mai cika mana gas ya leƙo ya ce Anti wannan haɗari ne. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru a rufaffen wuri, ƙyasta ashana ɗaya ko kunna makunnin wuta ya isa. A fitar da ita waje cikin keji na ƙarfe mai inuwa da kwaɗo, a jawo bututu ta bango. Duk sanda aka ɗaura regileta, wato abin da ake ɗaurawa a bakin silinda, ku shafa ruwan sabulu a mahaɗar, in ya yi kumfa akwai yoyo, tiyo kuma da ya fara tsattsagewa a canza shi.

Kuɗi kuwa, na soma aikin a ƙarshen 2023 da lissafin da na yi tun kafin a cire tallafin mai, farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, aikin ya tsaya cak muna girki a baranda cikin ƙurar hunturu. Ga shi na riga na ba kafinta kusan duk kuɗinsa a matsayin kafin alƙalami, kiransa ya koma roƙo. Ku fara sayen kayan ku tara kafin a ɗaga guduma, tayil ku ƙara kwali ɗaya ko biyu a kan awo domin in kun koma daga baya da wuya launin ya zo iri ɗaya. Biyan masu aiki kashi-kashi, a rubuce, da shaida, sai an gama mataki a biya nasa.

Ku kuma maza masu son yi wa iyali ba-zata, ku bari. Ku kira wadda ke tsayawa gaban wutar, ta nuna wa birkila inda take zama, inda take aje tsintsiya da rariya da bokitin gari, da inda buhunan shinkafar kaka za su zauna a kan katako nesa da bango. Sito ɗin a yi masa ƙofa mai ƙarfe a gindi saboda ɓera, da 'yar ƙaramar taga a sama.