Kwikwiyon da na hana yara ɗauka

Tumaki uku aka ɗauke mana a damina ɗaya a gonarmu ta bayan Rigachikun, ba wanda ya ji motsi. Ta huɗu kuwa karnukan gari ne suka yayyaga ta, ga ta da ciki. Ranar da na tsaya a kan gawarta na yanke shawarar neman kare. Kafin nan sai da na je wurin malaminmu, ya karanto mini hadisin da ya halatta ajiye kare don kiwo, noma ko farauta, sannan hankalina ya kwanta.

Da farko irin na Kokeshiya na so, waɗannan masu gashi buzu-buzu da ake yayi a gidajen Barnawa da Unguwar Rimi. Likitan dabbobi ya ce, "Alhaji, ka tuna zafin Maris da Afrilu. Karen da aka halitta don ƙanƙara zai wuni yana haki, ba gadi ba." Shi ya ba ni shawarar Kangal, karen makiyayan lardin Sivas na ƙasar Turkiyya, mai gajeren gashi. Namijinsu yakan haura kilo 50. Tun 1994 ake raba wa makiyayan Namibiya irin waɗannan karnuka don tsare awaki daga dabbobin dawa, kuma can ma rana ba ta da sauƙi.

Wani mai talla a Facebook ya turo mini hotuna masu kyau, amma da na ce zan zo in ga uwar sai ya fara kwana-kwana, wai in tura kafin alƙalami tukuna. Na rabu da shi. Wanda na saya a wurinsa daga baya, da kansa ya buɗe mini ƙofa. Uwar ta miƙe tsaye, launin rairayi, baki baƙi ƙirin, wutsiya a naɗe a gadon baya. Ba ta yi haushi ba, kallona kawai take yi har na ja da baya. Na duba katin rigakafi, an yi wa ɗan allurar farko ta Parvo, cutar nan mai amai da zawon jini da ke kashe ƙananan karnuka cikin kwanaki. Ta haukan kare sai ya cika wata uku. Na biya kuɗin da ya kai na manyan raguna biyu, na ɗauko shi yana da mako 8.

Wahalar ba a kuɗin take ba. Wannan kare dole ne ya tashi cikin tumaki, yana shaƙar warinsu, har ya ɗauke su a matsayin danginsa, kuma makonnin farko ne ke yin wannan aikin. In ya saba da tsakar gida, shi ke nan, ka sami mai gadin ƙofa, garke kuwa ko oho. Autata ta rungume shi a mota tana cewa, "Baba, don Allah ka bar shi ya kwana ɗaya a gida." Har ga Allah na ji tausayinta, amma na wuce da shi gona.

Mun yi masa ɗan keji a gefen turke, muka haɗa shi da 'yan raguna biyu. Dare uku yana kuka. Wata tsohuwar tunkiya Balami ta tunkuye shi ranar da ya ja kunnen ɗanta, makiyayinmu ya ce, "Ƙyale ta, Alhaji, tarbiyya take ba shi."

Ban yaudari kaina ba, kare ba zai tare masu bindiga ba, kuma sai ya kusa shekara biyu kafin a sakar masa garke shi kaɗai. Yanzu watansa biyar. Kullum da yamma sai an tsince masa kaska a kunne da tsakanin yatsu, cin abincinsa kuma ya fara taɓa aljihuna. Jiya da asuba na iske shi kwance a bakin turke, kansa a waje, 'yan ragunan nan biyu sun jingina da bayansa suna tuƙa.